Fosam, Sauro da Gyambon Buruli a Unguwannin Melbon

Idan hunturu ya kama a jihar Biktoriya da ke kudancin Ostareliya, wato daga watan Yuni zuwa gaba, likitoci sukan fara ganin wani irin majiyyaci. Mutum zai zo da ɗan ƙullutu a idon sawu ko a gwiwar hannu, ba zafi, ba zazzaɓi, shi duk zatonsa cizon ƙwaro ne. Makonni na wucewa sai wurin ya fashe ya zama rami, yana cin naman ƙarƙashin fata ta gefe-gefe. Wannan shi ne gyambon Buruli. Kafin 2015 masu kamuwa da shi a jihar ba su kaiwa ɗari a shekara. A 2018 sun kai 340, a 2023 kuma 363. Ciwon da a da sai a garuruwan bakin teku irin na Mornington da Bellarine, yanzu ya shigo cikin birnin Melbon, har unguwanni irin su Essendon da Brunswick West.

Duk inda aka tayar da maganar, sunan dabba ɗaya ake kira: fosam. Dabba ce mai jaka a ciki inda take renon ɗanta kamar kangaru, sai dare take fita, kuma a bisa itace take rayuwa. Iri biyu ne ke zama da mutane. Akwai mai baza-bazan wutsiya, girmanta kamar kyanwa, wadda ke son shiga tsakanin silin da kwanon rufi ta hana mai gida barci. Akwai kuma ƙaramar mai naɗaɗɗiyar wutsiya, wadda ke yin sheƙa a cikin rassa. Kada a haɗa su da dabbar Amurka mai kusan wannan suna, danginsu daban ne.

Ƙwayar da ke haddasa ciwon, Mycobacterium ulcerans, 'yar gida ɗaya ce da masu kawo tarin fuka da kuturta. Muguntarta tana cikin wani dafi da take fitarwa, wanda ke kashe nama, ya dakushe garkuwar jiki, ya kuma kashe raɗaɗin da zai sa mutum ya ruga asibiti. A Biktoriya aka fara gano ƙwayar, lokacin da Peter MacCallum da abokan aikinsa suka wallafa bayaninta a 1948 daga majiyyatan yankin Bairnsdale. Sunan Buruli kuwa daga wata gunduma ta Yuganda ya samo asali, inda aka ga ciwon da yawa a shekarun 1960. Mutanen Gana da Kamaru da Binin da kudancin Nijeriya sun san shi sarai, a ƙauyukan da ke kusa da fadama da ruwan da ba ya gudu. Can kusan rabin masu kamuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, alhali a Ostareliya manya ya fi kamawa.

An daɗe ana zargin fosam kafin a kama zaren. A 2010 masu bincike suka ba da rahoton samun alamar ƙwayar a kashin fosam a garin Point Lonsdale, suka kuma ga dabbobin da gyambon ya ci wa wutsiya da ƙafafu. Sai dai akasarin masu ciwon ba su taɓa riƙe fosam ba, kuma ciwon ba ya tsallakawa daga mutum zuwa mutum. To wa ke ɗauko shi ya kawo? A Janairun 2024 ayarin Farfesa Tim Stinear na Cibiyar Doherty ya wallafa sakamakon binciken sauro sama da 65,000 da aka tara a Mornington tsakanin 2016 da 2021. Ƙwayar da ke jikin sauron ita ce dai ke jikin majiyyata, kuma wuraren da aka samu sauro mai ƙwayar su ne wuraren da fosam da mutane ke fama. Sauron, Aedes notoscriptus, ɗan bayan gida ne: a ruwan gindin tukunyar fure yake ƙwai, da indararon da ganye ya toshe, da tsohuwar taya.

A nan nake ganin ya kamata a tsaya a yi adalci. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Birni ya cinye dajin da fosam ke zama, an sare tsofaffin itatuwa masu kogo, sannan aka cika gidaje da itatuwan marmari da furanni da ake ba ruwa duk shekara. Dabbar da ta rasa kogo ta samu rufin ɗaki, ta samu abinci ba wahala, ga wayoyin lantarki da shingaye sun zame mata hanya daga gida zuwa gida. Wasu ma da hannunsu suke ajiye mata 'ya'yan itace don suna sha'awarta. Lambun da ya tara fosam shi ne ya tara ruwan da sauro ke so, kuma nan mai gida ke zama da gajeren wando da yamma.

Wani ɓangare na hauhawar adadin kuma daga ƙaruwar sa ido ne. Yanzu da ɗan auduga a goga bakin gyambon a kai ɗakin gwaji an tabbatar, kuma likitocin unguwa sun fara tunanin Buruli da wuri. Amma wannan bai isa ya bayyana dalilin da ciwon ke ɓulla a sababbin unguwanni ba.

Babbar illar tana cikin jinkiri. Daga cizo zuwa fitowar ƙurji akan ɗauki wata huɗu zuwa biyar, wani lokacin har tara. Wanda ya je hutun bakin teku a Janairu, lokacin zafinsu, sai a Yuni zai ga abin, ya riga ya manta da sauron da ya cije shi. In an gano da wuri, magunguna biyu, rifampicin da clarithromycin, na tsawon mako takwas sukan kashe ƙwayar. In an makara, sai fiɗa da dashen fata, da watanni ana wankin ciwo, da tabon da wani lokaci ke takure gaɓa. Tsoho mai ciwon suga da ke zaune shi kaɗai, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a gare shi.

Sai batun nisanta dabbar da gida, wanda doka ta yi wa iyaka. Fosam na ƙarƙashin kariyar dokar namun daji ta Biktoriya ta 1975. Ba a sa mata guba, ba a harbinta. Idan mai baza-bazan wutsiya ta tare a rufi, an yarda a kama ta da tarkon keji, amma a sake ta bayan faɗuwar rana a ranar, a harabar gidan, cikin mita 50 daga inda aka kama ta, in ba haka ba sai a kai wa likitan dabbobi. Mai jin wannan zai ce ai ba a yi komai ba ke nan. Hikimar ita ce, wadda aka kai nesa yawanci mutuwa take yi, gurbin da ta bari kuma wata ke cikewa cikin 'yan kwanaki. Abin da ke aiki shi ne a jira ta fita kiwo da dare a toshe ƙofar da take bi, a sassabe rassan da ke taɓa rufi, a kafa mata akwatin kwana a kan itace, a daina ba ta abinci. Kashinta kuwa a kwashe da safar hannu, a wanke duk wani ƙwarzane da sabulu bayan aikin lambu.

Maƙwabciyar Ostareliya, Niyu Zilan, ta bi wata hanya dabam. Can fosam baƙuwa ce, Turawa suka kai ta a ƙarni na 19 don fatarta, ta yaɗu tana cinye ƙwan tsuntsaye tana baza tarin fuka ga shanu, don haka a 2016 gwamnati ta sa ta cikin dabbobin da take son kawarwa kafin 2050. A Ostareliya 'yar ƙasa ce, ita ma ciwon na cinta, kuma ban ga yadda za a share ta daga birnin mutum miliyan biyar ba ko da an so.

Ni a ganina inda sarƙar ta fi rauni shi ne wajen sauro, don shi ne abin da kowane gida zai iya yi a yau: a kife duk mazubin da ke riƙe ruwa, a share indararo, a sa raga a taga, a shafa maganin sauro, a rufe hannu da ƙafa. Fosam ma tana da amfaninta a wannan yaƙi. Masu bincike sun nuna cewa gwajin kashinta na iya nuna unguwar da mutane za su fara kamuwa, don haka ma'aikatan lafiya ke bin gindin itatuwa da 'yan kwalabe suna tsintarsa, domin su sanar da likitocin unguwar tun ƙurjin farko bai fashe ba.