Kafin Ka Sayi Tsohon Keken Tsere

'Yan'uwa, a kasuwar gwanjo ana samun tsofaffin kekunan tsere irin su Raleigh na Ingila da Peugeot na Faransa. Suna kawai ba ya sa keke ya yi daraja. Kuɗin amfanin gona na shekara guda ba abin wasa ba ne, don haka a duba waɗannan.

Na farko, ƙarfen jikin keken. In akwai tsagewa, lanƙwasa ko walda a wuyansa, a bar shi. Sabon fenti yakan ɓoye tsatsa.

Na biyu, a ɗaga ƙafa a juya ta. In tana karkata gefe ko boris yana ƙara, akwai kuɗin gyara a gaba.

Na uku, kayan gyara. Yawancinsu suna da tayar inci 27, alhali kekenmu na ɗaukar kaya inci 28 ne. Kusoshin tsohon Peugeot kuma ba sa shiga da na Ingila.

Siririyar taya ba ta jure yashi da ƙaya. Je da mai gyaran keke, ka cire kuɗin gyara daga farashi, ka karɓi rasit gaban shaidu, kada ka sayi kayan sata.