JIRGIN RUWA DA KWABON SA'A: YADDA GIRKAWA KE BIKIN HUNTURU

A ƙasar Girka, wadda ke kudu maso gabashin Turai, bikin Kirsimeti kwana goma sha biyu ake yi ana shagalinsa, tun daga ran 25 ga watan Disamba har zuwa ran 6 ga watan Janairu. Yawancin Girkawa mabiya ɗariƙar Otodoks ne ta addinin Kirista, kuma masu riƙo da addini a cikinsu sukan fara shiri tun ran 15 ga watan Nuwamba da azumin kwana arba'in, watau su ƙaurace wa nama da madara da ƙwai. Wanda ya bi kwanakin nan ɗaya bayan ɗaya zai fahimci yadda mutanen ke riƙe da al'adun kakanninsu, ko cikin wadata ko cikin matsi.

Jirgi Ko Itace?

Girka ƙasa ce mai tsibirai barkatai, tun zamanin da kuwa teku ce gonar mutanenta. Magidanci yakan yi watanni a bisa ruwa, iyalinsa na gida suna zullumi. Saboda haka a tsibirai da garuruwan gaɓa aka saba sassaƙa ɗan jirgin ruwa na katako, a yi masa ado da fitilu, a ajiye shi a ɗaki yana fuskantar cikin gida, alamar fatan matafiyi ya komo lafiya. Suna kiransa karabaki. Ran 6 ga watan Disamba kuma ita ce ranar Waliyyi Nikolas, wanda matuƙan jiragen ruwa suka ɗauka majiɓincinsu.

Itacen Kirsimeti kuwa baƙo ne. A shekarar 1833 aka fara kafa shi a fadar Sarki Otto, wani ɗan sarautar Jamus da manyan ƙasashen Turai suka naɗa wa Girkawa, a garin Nafiliyo wanda ya kasance babban birni a lokacin. Sannu a hankali itacen ya mamaye gidajen birni, har jirgin ya kusa ɓacewa. Daga baya masu kishin al'ada suka farfaɗo da shi, aka riƙa kafa babban jirgi mai fitilu a dandalin birane kamar Tasalonika, kusa da itacen. A tsibirin Kiyos, jajiberen sabuwar shekara, matasan unguwa-unguwa sukan fito da manyan jiragen da suka ƙera da hannunsu, a yi gasa.

Da sassafe ran jajiberen Kirsimeti yara kan bi gida-gida riƙe da ɗan ƙarfe mai kusurwa uku suna kaɗawa. Sai sun nemi izinin mai gida tukuna, sa'an nan su rera waƙoƙin da ake kira kalanda, a sallame su da kuɗi ko kayan zaƙi. Haka za su sake yi jajiberen sabuwar shekara, da kuma ran 5 ga watan Janairu. Mata kuwa suna can suna gasa wani burodi mai alamar gicciye a bisansa, da wasu 'yan dunƙule-dunƙulen fulawa iri biyu, ɗaya a tsoma shi cikin zuma, ɗaya a barbaɗe shi da garin sukari.

Burodin Waliyyi Basiliyos

Bisa al'adar Girkawa, ran 1 ga watan Janairu ake ba yara kyaututtuka, kuma wanda suke cewa yana kawowa shi ne Waliyyi Basiliyos. Shi wannan babban limamin coci ne na birnin Kaisariya, wanda ke cikin ƙasar Turkiyya a yau, ya rasu a shekara ta 379, ya kuwa shahara wajen gina wa matalauta da marasa lafiya masauki.

Akwai wata hikaya da ake bayarwa a kansa. Wai wani azzalumin mai mulki ya aza wa birnin tara mai nauyi, mutane suka tattaro zobba da zinariyarsu suka damƙa wa Basiliyos. Da aka janye tarar, sai ya rasa yadda zai gane kayan kowa, ya sa aka cusa su cikin burodi aka rarraba, kowa ya gutsura ya tarar da nasa. Daga nan ne aka samo al'adar basilofita, burodin da ake ɓoye kwabo guda a cikinsa.

Da tsakar dare mai gida zai ɗauki wuƙa ya zana gicciye a kan burodin, ya fara yanka. Kashi na farko na Almasihu ne, na biyu na Maryamu, na uku na Basiliyos, sai na gidan, a gidaje da yawa har da na matalauci. Bayan haka a bi iyali daga babba zuwa ƙarami, ana ambatar sunan kowa. Ɗan da ke neman abinci a Jamus ko Amurka ko Ostireliya shi ma a yanka nasa a ajiye. Wanda kwabon ya faɗo a rabonsa, ana ganin ya shiga shekara da sa'a. Ma'aikatu da makarantu da ƙungiyoyi su ma sukan yanka nasu cikin watan Janairu. Har ila yau akan fasa rumman a bakin ƙofa, a ce yawan 'ya'yan da suka warwatsu shi ne yawan arzikin shekara.

Shekarun Matsi

Biki sai da kuɗi, shi ya sa dokar ƙasar ta wajabta wa kamfanoni biyan ma'aikacin da ya cika sharaɗi ƙarin albashin wata guda, kafin ran 21 ga watan Disamba ta wuce. Ma'aikatan gwamnati da 'yan fansho ma sun daɗe suna karɓar irin wannan. Amma da bashi ya yi wa ƙasar katutu, ta nemi ceto daga Tarayyar Turai da Asusun Ba Da Lamuni na Duniya a shekarar 2010, sai aka zaftare kuɗin, sa'an nan wata doka ta ƙarshen 2012 ta soke shi ga ma'aikatan gwamnati ɗungurungum.

A shekarar 2013 rashin aikin yi ya haura kashi 27 cikin ɗari. Man ɗumama ɗaki ya yi tsada, mazauna birnin Atina suka koma ƙona itace, hayaƙi ya turnuƙe sararin birnin. Coci da hukumar birni suka riƙa ciyar da dubban mutane kullum, dubban matasa masu ilmi kuma suka bar ƙasar. A waɗannan shekaru kason matalauci da kason wanda ba ya nan suka ƙara nauyi a zukatan masu yankan burodi. Shirin ceton bai ƙare ba sai watan Agusta na 2018.

Tsarkake Ruwa

Mutanen ƙauye suna da camfin wasu 'yan aljanu masu ɓarna, kalikanzari, waɗanda wai suke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa cikin kwanakin nan goma sha biyu, su shigo ta mafitar hayaƙi su ɓata abinci. Don haka a da ba a barin wutar murhu ta mutu. Abin da ke korarsu shi ne ruwan da limami ke bi gida-gida yana yayyafawa da reshen ɗoɗɗoya.

Ran 6 ga watan Janairu, ranar tunawa da baftismar Almasihu a Kogin Urdun, ake rufe biki. Bayan an tashi daga coci, jama'a kan ɗunguma zuwa bakin teku ko kogi, limami ya yi addu'a ya jefa gicciye cikin ruwa, samari su faɗa cikin tsananin sanyi suna rige-rigen tsamo shi, wanda ya yi nasara a sa masa albarka. Taro mafi girma a tashar jiragen ruwa ta Firiyas ake yinsa, kusa da Atina, inda manyan jami'an gwamnati kan halarta. Bisa tsohuwar al'ada, matuƙan da suka ɗaure jiragensu tun kafin Kirsimeti sai bayan wannan addu'a suke kwancewa su koma teku.