Kifi Mai Aska a Wutsiya

Idan ka taɓa riƙe ƙurungu, ka san cewa ƙayarsa tana kusa da kai. To, akwai wani kifin teku wanda makaminsa yake can baya. A kowane gefe na gindin wutsiyarsa akwai ƙaya mai kaifi kamar askar likitan fiɗa. Tana kwance cikin wani ɗan rami a jikinsa. Sai abokin gaba ya matso take miƙewa, kifin ya kaɗa wutsiya ya yanke shi. Dangin wannan kifi sun haura iri saba'in, amma bari mu dubi guda ɗaya, wanda mutanen tsibiran Hawai suke kira manini.

Manini fari ne mai ratsin baƙi guda shida daga sama zuwa ƙasa, kuma da wuya tsawonsa ya wuce santimita 25. Yana zaune a ruwa mai ɗumi marar zurfi, a Tekun Indiya da Tekun Pasifik, wajen duwatsun murjani. Kada kalmar dutse ta ruɗe ka. Murjani ƙananan halittu ne masu rai, su ne suke gina waɗannan duwatsu a hankali, shekara da shekaru.

Abincin manini gansakuka ne. Yana da ƙaramin baki da haƙora masu kama da zarto, yana yini yana kiwo kamar akuya. Wannan kiwo yana da muhimmanci ƙwarai, domin gansakuka ya fi murjani saurin girma. Idan babu mai cinye shi, sai ya rufe murjani, ya tare masa hasken rana, ya hana sabo tsirowa.

Sai dai kiwon ba ya zuwa da sauƙi. Akwai wasu ƙananan kifaye masu faɗa da suke tsaron gansakukansu kamar manomi da gonarsa. Manini ɗaya ba zai iya shiga ba, za a kore shi. Saboda haka sukan taru ɗaruruwa su auka wa wurin gaba ɗaya. Mai gona ya kori wannan, ya kori wancan, kafin ya juyo sauran sun ƙoshi sun wuce.

Lokacin haihuwa ma a garke suke taruwa, su saki ƙwai cikin ruwa, igiyar ruwa ta tafi da shi. 'Ya'yan sukan yi makonni suna yawo a tsakiyar teku, jikinsu garau kamar gilashi, kafin su dawo gaɓa su yi ratsi irin na iyayensu.