Manomin Gefen Birni: Ka Saida Amfani, Kada Ka Saida Gona

Yau zancenmu da kai ne, kai da ke zaune a karkarar Madarunfa, Jiratawa, Safo ko Ɗan Isa. Allah ya aje ka tsakanin manyan birane. Maraɗi tana arewa da kai, Katsina tana kudu, bayanta kuma ga Kano. Wannan zama yana da daɗi, yana kuma da haɗari. Bari mu duba su ɗaya bayan ɗaya.

Daɗin zama kusa da birni

Manomin da ke can nesa cikin daji sai ya jira ɗan kasuwa ya zo, ya saye hatsinsa yadda ya ga dama. Kai ko, ran Litinin da ran Juma'a ka ɗora kaya bisa amalanke ko babur, kafin hantsi kana kasuwar Maraɗi. Mutanen birni ba su noma, amma kullum sai sun ci. Suna son tumatir, albasa, tattasai, kabeji da zogale. Fadamar Gulbin Maraɗi tana ba da waɗannan duka da rani. A Jiratawa, tun farkon shekarun 1980 aka gyara fili fiye da eka 500 don noman rani. Ga likita kusa, ga makaranta, ga taki daga garkunan birni. Yaronka ma yana iya zuwa ƙwadago da safe ya kwana gida, ba sai ya tafi cin rani wata shida ba.

Inda haɗarin yake

Birni ba ya tsayawa wuri ɗaya. A ƙidayar 1977 mutanen Maraɗi ba su kai 50,000 ba. A ƙidayar 2012 sun wuce 260,000. Duk waɗannan suna bukatar wurin gini. Ina za a samo shi? Gonarka.

Wata rana za ka ga mota ta tsaya bakin gona. Mai ita ya fito da fara'a, ya ambaci kuɗin da ba ka taɓa riƙewa ba. Kafin ka ce ka sallama, yi lissafi. Kuɗin nan za su tafi ga biki, da babur, da biyan bashi. Shekara biyu sun ƙare. Gona kuwa kowace damana tana zuba maka hatsi a rumbu, ta ba dabbobinka kara da harawa. Wanda ya saida ta ya koma awo da tiya, 'ya'yansa su koma ƙwadago a ƙasar kakansu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kada kuma ka dogara ga iyaka kaɗai. An rufe ta a 2019 har ƙarshen 2020, aka sake rufewa a 2023. Masu kai kaya Jibiya da Katsina sun ji jiki. Amma wanda ke da hatsi a rumbu bai kwana da yunwa ba.

Abin da ya kamata ka yi

Na farko, ka nemi takardar gonarka. Tun 1993 dokar karkara ta amince da mallakar gado. Ka je wurin maigari da hukumar filaye ta garinku, tare da maƙwabtan gona su yi shaida, a rubuta iyakokinka.

Na biyu, in an raba gado, ku 'yan'uwa ku yi shawara. In dole ɗaya ya saida rabonsa, ya fara tallata wa na gida.

Na uku, in bukata ta matsa, haya ta fi saidawa. Amma a rubuta, a sa shaidu, a faɗi shekarun.

Na huɗu, ƙaramar gona a gefen birni tana iya ciyar da gida in an kula da ita. Zuba taki, bar gawo da sabara su tofo, haɗa noman damana da na rani, ka ƙara da turkar rago don Babbar Salla.

Malam manomi, birni abokin ciniki ne. Ka kai masa abin da ƙasa ta haifa, ka riƙe uwar. Allah ya ba mu damana mai albarka, amin.