Waya a Aji: A Ƙwace, A Fasa, Ko A Ajiye Ta a Bakin Ƙofa?

Tun watan Satumbar 2018 doka ta hana ɗaliban firamare da ƙaramar sakandare a Faransa taɓa wayar salula a makaranta. A 2021 ƙasar Sin ta ce sai da rubutaccen izinin iyaye yaro zai shigo da ita. Holan ta fitar da ita daga azuzuwan sakandare a farkon 2024, Birazil ta sa hannu kan tata dokar a Janairun 2025. Waɗannan fa ƙasashe ne da ba su rasa wuta ko intanet ba. To me suka hango?

Hukumar UNESCO ta ba da amsa a rahotonta kan ilimi na 2023, inda ta ce kada a shigo da waya aji sai in tana taimakon darasin. Rahoton ya kawo wani bincike da ya nuna cewa idan saƙo ya ɗauke hankalin ɗalibi, zai iya ɗaukar minti 20 kafin hankalin ya koma kan karatu. Ka lissafa da kanka: in darasi na minti 40 ne, saƙo guda ya isa ya cinye rabinsa.

Wani zai ce, ai ni kashe ƙarar nake yi, in kife ta a kan benci. A 2017 masu bincike a Jami'ar Texas da ke Amurka sun gwada wannan dabarar da mutum kusan 800. Kowa ya kashe ƙarar wayarsa, sai aka ce wasu su kife ta a kan tebur, wasu su sa a aljihu ko jaka, wasu kuma su bar ta a wani ɗaki daban. Da aka ba su gwajin da ke buƙatar natsuwa, waɗanda wayarsu ke wani ɗakin sun fi masu ita a gabansu ƙoƙari. Bayanin masu binciken shi ne, ƙoƙarin hana kanka duba wayar ma aiki ne da ke cin wani sashe na hankalinka. Da ma Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa.

Abin da ya fi ja hankali kuwa shi ne wanda ke biyan kuɗin wannan shagalar. A 2015 masana tattalin arziki biyu, Beland da Murphy, sun duba sakamakon jarrabawar 'yan shekara 16 a makarantu 91 na birane huɗu na Ingila. Bayan an hana waya sakamako ya ɗaga, amma ba ga kowa ba. Ɗaliban da ke baya a karatu su suka fi cin riba, haziƙan aji kuwa kusan babu abin da ya canza musu. Wato abokinka mai kaifin kai da kuke duba TikTok tare a bencin baya, shi zai karanta da daddare ya haye. Kai da sai an maimaita maka sau biyu kake kamawa, kai za a bari a tasha.

Sai dai doka ba layar tsari ba ce. Wani binciken Jami'ar Birmingham da ya fito a 2025 ya gano cewa ɗaliban makarantun da suka hana waya ba su rage jimillar lokacin da suke ɓatawa a kanta a rana ba. An tashi, an koma gida, an rama.

Idan muka dawo gida, lamarinmu yana da nasa ƙullin. A jami'o'i da kwalejojinmu, waya ita ce laburaren talaka. Takardun lakca ta WhatsApp wakilin aji ke turo su, haka sanarwar an ɗage lakca ko an sauya ɗaki. Wanda ba shi da kuɗin fotokwafi hoton allo yake ɗauka, kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa ba kowa iyayensa za su iya saya masa ba. Malamin da ya ce kowa ya bar waya a gida, ya hana wasu littafinsu ne kacokan.

A sakandare kuma akwai batun tsaro. Tun bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020, da Jangebe a Fabrairun 2021, da Kuriga a Maris na 2024, ba ka isa ka ce wa uwa ba ta da hujjar son jin muryar ɗanta ba. Amma duk da haka a wasu makarantun kwana hukuncin bai wuce a tara ɗalibai a fili, a sa guduma a farfasa wayar ko a tsoma ta a bokitin ruwa ba. Dukiyar iyaye ta salwanta, sauran yara kuma darasi ɗaya suka ɗauka: a ƙara iya ɓoyewa.

Tsakanin guduma da sakaci akwai hanya, kuma mun riga mun san ta. Wa ya taɓa shiga jarrabawar WAEC, NECO ko JAMB da waya a hannu ya ce an zalunce shi? Kowa ya yarda saboda dokar a bayyane take, ta hau kan kowa, kuma an san lokacin da za ta ƙare. Haka ya kamata dokar aji ta kasance. A sakandaren jeka-ka-dawo, a ajiye akwati mai makulli da lambobi, kowa ya saka tasa da safe ya karɓa in an tashi. A makarantar kwana, a ba iyaye lambar makaranta da ake ɗauka da gaske, a kuma ware wa yara lokacin kiran gida. Wanda ya karya doka a riƙe wayar har iyayensa su zo, ba a fasa ba. A bar ƙofa ga mai larurar rashin lafiya, kamar yadda dokokin Faransa da Holan suka yi. Sannan malam ma ya ajiye tasa. Ba zai yiwu yana amsa kira a gaban allo yana korar mai duba saƙo ba.

Mu 'yan jami'a kuwa babu mai bin mu da akwati, kuma bai kamata a bi mu ba. Dokar tamu a hannunmu take. Ka sauke takardun lakca tun kafin ka shiga, ka kashe data, ka tura wayar can ƙasan jaka, ba aljihu ba. In malam ya ce a buɗe shafi kaza, a fito da ita, a gama, a mayar. Masu tura saƙo za su jira awa biyu. Malam kuwa in ya goge allo, ya goge ke nan.