Gidan Ɗab'in Mutum Ɗaya: Chris Pitzer da Littattafai Ɗari na AdHouse

Kowace shekara idan bazara ta kai tsakiya a Amurka, masu sana'ar littattafan zane sukan hallara a birnin San Diego domin rabon lambar yabo ta Eisner, wadda babu kamarta a wannan fage. A bikin 2008, lambar littafin da ya fi kowane kyawun tsari ta faɗa hannun wani kundin zane-zane mai suna Process Recess 2. Sunaye biyu aka kira: James Jean, wanda ya yi zanen, da Chris Pitzer, wanda suka tsara littafin tare kuma ya buga shi a ƙarƙashin AdHouse Books da ke birnin Richmond a jihar Virginia. Wanda ya ji an ambaci AdHouse a jere da manyan kamfanoni zai zaci wani gini ne mai hawa-hawa da ma'aikata cike da ofis. Alhali kuwa Pitzer ne edita, shi ne mai tsara shafuka, shi ne mai ciniki da maɗaba'a, shi ne kuma mai tsayawa bayan tebur a wurin baje koli yana miƙa wa mai saye littafi yana karɓar kuɗi.

Kasuwar labaran zane a Amurka tana da hawa-hawa. A can sama akwai Marvel da DC, masu jarumai irin su Spider-Man da Batman, waɗanda yaranmu ma suka sani ta finafinai. A ƙasa da su akwai gidaje masu zaman kansu irin Fantagraphics na Seattle da Drawn & Quarterly na Montreal a Kanada, da ke buga labaran zane na manya: tarihin rayuwa, siyasa, soyayya, baƙin ciki. Can ƙasa kuma sai ɗaiɗaikun mutane. Yawancinsu masu zane ne da ke buga aikin hannunsu don ba su sami mai buga musu ba. Pitzer ya bambanta da su ta nan. Aikin wasu yake nema ya zuba kuɗinsa a kai. Sana'arsa ta asali tsara shafi da bango ce, kuma tun farkon shekarun 1990 ya yi wannan aiki a wani kamfanin littattafan zane mai suna Eclipse Comics, wanda daga baya ya durƙushe. Ke nan ya ga yadda gidan ɗab'i ke mutuwa tun kafin ya kafa nasa.

A 2002 ya fitar da littafinsa na farko, Pulpatoon Pilgrimage na Joel Priddy, labarin wasu matafiya uku masu baƙuwar halitta da ke tafe suna hira, kowa da abin da ya baro a baya. Littafi ne mai sanyin tafiya, ba dambe ba harbe-harbe. A shekarar ya ci lambar Ignatz ta sabon littafin da ya fi fice a taron Small Press Expo, wanda ake yi a jihar Maryland don ƙananan masu ɗab'i kaɗai, sannan aka sa shi cikin 'yan takarar Eisner. Ita lambar Ignatz tubali ce ta gaske ake miƙa wa wanda ya ci, kuma darajarta a wurin masu wannan sana'a ta fi ƙarfin abin da aka yi ta da shi, domin mutanen da suka san wahalar aikin ne ke fitar da 'yan takara. Da wuya sabon gidan ɗab'i ya fara da ƙafar dama irin haka.

Abin da masu sharhi suka fara lura da shi, kuma suka yi ta maimaitawa shekara da shekaru, shi ne jikin littafin kansa. Irin takardar da aka zaɓa, nauyin bango, yadda tawada ta zauna, girman shafi da ya dace da zanen da ke ciki. A littafin rubutu zalla ana iya yafe wa mummunan bugu, tunda kalma ba ta canza ma'ana don takarda ta yi shara-shara. A littafin zane kuwa bugu wani ɓangare ne na labarin. Idan baƙi ya dushe ya koma toka-toka, daren da mai zane ya ɓata makonni yana ginawa ya tashi daga dare. Idan aka matse shafi, siririn layin da ke nuna damuwa a fuskar mutum ya ɓace. Pitzer ya san wannan da hannunsa, kuma babu wani akanta a samansa da zai ce masa a rage tsadar takarda. Jerin kundaye uku da ya tattara daga hannun masu zane da yawa, Project: Telstar a kan sararin samaniya da mutum-mutumi a 2003, Project: Superior a kan jarumai a 2005, da Project: Romantic a kan soyayya a 2006, su suka kafa masa wannan suna. Da irin wannan suna ne manyan masu zane kamar James Jean da Paul Pope, waɗanda ba su rasa inda za su kai aikinsu ba, suka damƙa masa kundayen zanensu.

Sai dai a ganina ba kyawun bugu ne babban abin da AdHouse ya bari ba. Babban abin shi ne ƙarfin halin cewa "na yarda" a inda kwamiti zai ce "a dakata tukuna". Babu misalin da ya kai Duncan the Wonder Dog na Adam Hines, wanda ya fito a 2010. Littafi ne mai shafi kusan 400, daga hannun matashin da kusan ba wanda ya san shi, kuma an gabatar da shi a matsayin na farko cikin juzu'i tara. Duniyar da ke cikinsa irin tamu ce sak, illa abu ɗaya: dabbobi suna magana, suna tunani, suna gardama, amma duk da haka mutane na ci gaba da yanka su, da tsare su, da mallakarsu. Wasu dabbobin sun rungumi haƙuri, wasu sun shiga siyasa, wasu sun ɗauki makami. Shafukan duhu ne da su, cike da toka-toka, rubutu a wasu wuraren ƙanana ƙwarai, labarin kuma ba ya tafiya a miƙe. Yakan bar wannan ya koma wancan, ya saka tatsuniya, ya saka lissafi, ya dawo. Duk mai duba riba da asara zai ga dalilai goma na ƙin buga shi. Kauri yana nufin tsadar bugu da tsadar aikawa. Baƙon suna yana nufin masu shaguna ba za su yi oda da yawa ba. Wahalar karatu tana nufin ba zai shiga hannun yara ba.

Pitzer ya buga shi, kuma da girman shafin da zanen ke buƙata. Littafin ya ci lambar jaridar Los Angeles Times ta littafin zane na shekarar 2010, ya kuma zama na farko da ya karɓi lambar Lynd Ward da aka ƙaddamar a jami'ar Penn State a 2011. Waɗannan ba lambobin cikin gida na masu sha'awar zane ba ne. Alƙalan adabi ne da malaman jami'a suka duba suka ce wannan aiki ne na ƙwarai. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, shawarar mutum ɗaya ce ta buɗe wa wannan littafi ƙofa.

Haka abin ya ci gaba. The Oven na Sophie Goldstein ya ɗauki lambobin Ignatz biyu a 2015. Young Frances na Hartley Lin, labarin wata matashiya mai aiki a ofishin lauyoyi da ƙawarta 'yar wasan kwaikwayo, ya ci lambar Doug Wright ta Kanada a 2019. Babu salo ɗaya da ya haɗa waɗannan littattafai. Wanda ya ajiye Skyscrapers of the Midwest na Joshua Cotter, mai cike da ƙuncin ƙuruciya a karkarar Amurka, kusa da American Barbarian na Tom Scioli, mai launi da hayaniya, ba zai ce gida ɗaya suka fito ba sai ya duba tambari. Abin da ya haɗa su kawai shi ne sun burge mutum ɗaya.

To me ya sa yabo irin wannan bai zama arziki ba? Amsar tana cikin yadda ake sayar da littattafan zane a Amurka. Daga ƙarshen shekarun 1990 har zuwa 2020, kusan duk abin da ke shiga shagunan littattafan zane ta hannun dillali ɗaya yake bi, wato Diamond Comic Distributors. A wancan lokacin, kowane wata Diamond na fitar da wani ƙaton kundin talla mai suna Previews, masu shaguna su duba su yi oda kimanin wata biyu kafin littafi ya fito. Abin da mai shago ya saya kuma ya saya ke nan, ba a mayarwa. Saboda haka dole ya yi taka-tsantsan: zai zuba kuɗinsa a kan Batman da ya tabbata zai tafi, ya ɗauki kwafi ɗaya ko biyu na baƙon littafi, ko ma ya tsallake shi. Ga shi kuma odar tana rufewa tun kafin wani mai sharhi ya ga littafin. Lokacin da yabo zai fito a jarida, an riga an yanke adadin da za a buga, shagon da ke kusa da mai karatu kuma wataƙila bai taɓa ajiye shi ba. Daga kuɗin da aka rubuta a bango, abin da ke komawa ga mai ɗab'i bai wuce kashi 40 cikin 100 ba, a ciki zai biya maɗaba'a, ya biya dako, ya ba mai zane haƙƙinsa. A 2009 Diamond ta ƙara tsaurara sharaɗi, ta ɗaga mafi ƙarancin odar da za ta karɓa daga dala 1,500 zuwa dala 2,500, abin da ya rufe wa ƙananan mujallun zane da dama ƙofa.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan ciwo, ko da yake ba laifin kowa ba ne. Idan ƙaramin gida ya gano mai hazaƙa, ya ɗauki kasadar fito da shi, duniya ta san shi, to babban gida ne ke da kuɗin riƙe shi. Hope Larson ta fitar da Salamander Dream a AdHouse a 2005, daga baya manyan kamfanonin New York suka buga ayyukanta. Mesmo Delivery na Rafael Grampá ɗan Birazil ya fito a AdHouse a 2008, sannan Dark Horse ta sake buga shi. Johnny Hiro na Fred Chao ya koma Tor, American Barbarian ya koma IDW. Ba wanda zai zargi mai zane don ya nemi inda zai ciyar da iyalinsa, kuma wannan ƙaura ita kanta shaida ce cewa idon Pitzer bai yi kuskure ba. Amma a ƙarshen lissafi, kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Waɗanda suka ga zamanin da marubutan Kano ke buga littattafansu da kuɗin kansu a shekarun 1980 da 1990, suna kai wa 'yan kasuwa bashi suna jiran a sayar, sun san cewa sunan littafi na iya cika gari alhali wanda ya buga shi bai mayar da uwar kuɗinsa ba.

Ina ganin akwai abin da masu sharhi suka gaza a nan, duk da kyakkyawar niyyarsu. Sun yaba wa littattafan ɗaya bayan ɗaya, sun yaba wa takarda da bango, amma ba kasafai ake ɗaukar aikin mai ɗab'i a matsayin aikin fasaha da ya cancanci a yi nazarinsa shi kaɗai ba. Zaɓen abin da za a buga da abin da za a bari hukunci ne na adabi, kuma ya riga na mai sharhi. Mai sharhi yana hukunci a kan abin da ya iso teburinsa. Wani ne ya yanke abin da zai iso. Idan wannan wanin mutum ɗaya ne, to ɗanɗanonsa ne ke buɗe ƙofa, iyakar ƙarfinsa kuma ita ce iyakar abin da zai wuce. Littattafai ɗari cikin kusan shekara 20 na nufin kimanin biyar a shekara. Duk littafin da ya ƙi karɓa, ko don bai dace da idonsa ba ko don kuɗin wannan shekarar sun ƙare, babu edita na biyu a gidan da zai sake dubawa. Gidan kuma ba abin gado ba ne, domin jarinsa na gaske yana cikin kan mai shi.

A watan Yulin 2021 Pitzer ya sanar cewa zai dakatar da ɗab'i bayan littafi na 100, wato Grass of Parnassus na Kathryn da Stuart Immonen. Dalilan da ya bayar ba su da ado: shekaru sun fara ja, cinikin littattafan baya-bayan nan ya yi ƙasa, kasuwa ta karkata ga tara kuɗin bugu daga masu karatu ta intanet tun kafin a buga, tarukan baje koli da ƙananan masu ɗab'i suka dogara da su kuma annobar korona ta jefa su cikin rashin tabbas. A wannan shekarar ce Koyama Press na Annie Koyama a Toronto, wani gidan da shi ma ya tsaya a kan idon mutum ɗaya tun 2007, ya rufe. Diamond ɗin da ta riƙe maƙogwaron kasuwar shekara da shekaru ita ma ba ta tsira ba: DC ta bar ta a 2020, Marvel ta bi baya a 2021, kuma a watan Janairun 2025 ta je kotu ta bayyana karyewar jari, tana riƙe da kayan ƙananan masu ɗab'i da dama a rumbunanta.