Ƙarancin Masanan Kwamfuta: Ina 'Ya'yan Madarasunmu?



'Yan'uwa, a yau ɗalibin da ya ci jarrabawar BAC a Burkina Faso yana neman gurbin jami'a ne ta dandalin Campus Faso. Mai neman aikin gwamnati ta intanet yake rubuta sunansa. Ɗan kasuwar Zango kuwa da Orange Money ko Moov Money yake karɓar kuɗinsa. Duk waɗannan, mutane ne ke rubuta manhajojinsu, suna gyara su, suna tsare su daga ɓarayi, kuma masu wannan ƙwarewa ba su wadaci ƙasa ba.

Daga ina ake samun su? Akwai babbar makarantar ilimin kwamfuta ta ESI a Jami'ar Nazi Boni da ke Bobo-Julaso, akwai Jami'ar Joseph Ki-Zerbo a nan Wagadugu, ga kuma jami'ar gwamnati da ake karatunta ta intanet. Sai dai ƙofar wannan fanni lissafi ne. Wanda ya fito da BAC na kimiyya, kamar sashen C ko D, shi ke samun shiga da sauƙi. Darussan da Faransanci ake bayarwa, umarnin kwamfuta kuwa galibi da kalmomin Turancin Ingilishi ake rubuta shi.

A nan matsalarmu take. Yaro zai yi shekaru a madarasa, ya ƙware a nahawu da fiƙihu, amma lissafinsa da Faransancinsa su yi rauni. Idan ya isa ƙofar jami'a sai ya tarar da ita a rufe. Ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba. Wanda ya iya rabon gado, da sudusinsa da sumuninsa, ba zai kasa aljabara ba.

Kuma wannan ilimi ba baƙonmu ba ne. Muhammad bin Musa al-Khawarizmi ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, kuma daga sunansa aka samo kalmar algoridim, wato jerin matakan da kwamfuta ke bi ta warware matsala. Imam Gazali a cikin Ihya'u ya sanya likitanci da lissafi a sahun farilla ta kifaya: idan babu mai yi a gari, kowa ya ɗauki laifi.

Don haka muna kira ga shugabannin madarasu su nemi ƙwararrun malaman lissafi tun daga firamare, su shigar da ɗalibai jarrabawar CEP da BEPC. Kwamitocin masallatai su haɗa kuɗin ɗakin kwamfuta da faranti mai amfani da hasken rana, maza da mata su amfana. Iyaye kuma su duba makin lissafi kamar yadda suke sauraren hadda, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani. Amin.